Rigar Saƙin Da Ta Kwana Goma Sha Ɗaya A Kan Keke

Ku da kuke zuwa shagona da takardar kwas ɗin kwamfuta na wata uku, kuna cewa in koya muku "abin nan da kike yi" kafin Sallah, ga amsarku a rubuce, don na gaji da maimaitawa. Aikina shi ne in sa tsofaffin injuna su yi aiki da sababbin kwamfutoci. A baki gajere ne. Shekarata tara a cikinsa a nan Talata Mafara, kuma har yanzu akwai ranar da nake rufe shago ban gane komai ba.

Bari in fara da abin da kuke son tsallakewa. Injin buga kati, na'urar awon danshin shinkafa, keken aikin riga mai kwamfuta, duk waɗanda aka shigo da su tun muna goye, kowanne yana da katinsa da ake sokawa a cikin kwamfuta. Kwamfutar ba ta magana da katin kai tsaye. Akwai wani ɗan aisi, baƙin abu mai ƙafafun ƙarfe, a kan bod ɗin cikin kwamfutar, bai kai akwatin ashana ba, shi ke karɓar saƙo daga ɓangaren da ke da sauri ya miƙa wa ɓangaren katin mai nawa, ya kuma dawo da amsa. Shi muke kira gada. Sai kuma direba, wato 'yar manhajar da masu ƙera injin suka rubuta don tsarin kwamfuta ya san yadda zai sarrafa katin. Direban nan ba ya tunani. Gadar da ya sani ita kaɗai ya sani. Yau an daina ƙera ta, sababbin kwamfutoci ba su da ita, ba su da ma ramin da za a soka katin. To mu sai mu sa katin a wani ɗan akwati mai wayar USB, mu zaunar da tsohon tsarin a cikin sabuwar kwamfuta, sannan mu rubuta manhajar da za ta tsaya a matsayin gadar. Direba ya yi tambaya, ta ba shi amsa daidai yadda ta ƙarfen take bayarwa, har da jinkirinta da munanan halayenta. In ta kuskure, ko dai ya tsaya cik, ko kuma ya yarda da ita ya ci gaba. Na biyun ya fi muni.

A wajen Kawu Lawali na koya, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi shekaru yana kula da na'urori a aikin ruwa kafin ya yi ritaya. Da na gama sakandare ban samu gurbin ci gaba ba, sai aka tura ni shagonsa in riƙa buga wa mutane takardu. Da ya ga na dame shi da tambaya sai ya miƙo mini dalma da ayan ɗin narka ta. Shekara guda ban rubuta layin manhaja ko ɗaya ba. Cire aisi, mayar da aisi, bin waya da mita, goge ƙafafun kati da goga. Kayan aikinsa mafi daraja wata 'yar na'ura ce mai wayoyi sirara kamar taliya, da 'yan ƙarafa masu matsewa a bakinsu. Ana maƙala su a ƙafafun gada, na'urar ta riƙa rubuta duk maganar da ke wucewa tsakanin direba da gada. Kunne yake kiranta, ni ma haka nake kiranta har yau.

Aikina na farko na'urar awon danshi ce ta wani mai injin casa a Morai. Kawu ya maƙala Kunne, ya ajiye mini kujera, ya ce in zauna kwana uku, daga buɗe shago har rufewa. Kafin hantsi ya dushe na ga tambayoyin da ake maimaitawa ba su wuce goma sha biyu ba. Na same shi a gindin bishiyar bedi yana shan fura.

"Kawu, na gama. Abu guda suke ta faɗi."

"Kin gama? Ma sha Allahu. To koma ki zamna."

"Me zan zauna in yi?"

"Ki zamna ki ji abin da ba su faɗi ba tukuna. Ke Saratu, in anka aike ki kasuwa, tun ba a ƙare faɗa maki saƙo ba kin kai bakin titi."

Na koma na zauna ina cika ina batsewa. Dokarsa kenan: kwana uku cikakku, a gaban mai injin, yana aikinsa yadda ya saba.

Masu kawo aiki kuwa, sai haƙuri. Mutum zai rantse maka babu wanda ya taɓa injin, ka buɗe ka tarar an ɗaure fanka da zaren buhu. Wani ya taɓa kawo mini katin injinsa a aljihun gaba tare da goro da makullin mashin. Wani mai buga katin biki ya tsaya a kaina yana kallo ina rubutu, can ya ce, "Au, ashe dannawa ce kawai?" Na tashi na ba shi kujerar na ce bismilla. Amma duk waɗannan ba su ne suka sa na zauna rubutun nan ba.

Shekarar da aka yanke sabis ɗin waya a jihar nan, aka rufe kasuwannin mako, ita ce muguwar shekarata. Kawu yana Sakkwato an yi masa aikin ido, babu hanyar jin muryarsa. Babu intanet da zan nemi takardar bayanin ko da aisi guda. A lokacin ne Malam Garba na Bakura ya aiko a kira ni. Dattijo ne mai aikin babbar riga, ya iya na hannu tun yana saurayi, daga baya ya sayi keken aiki mai kwamfuta, ya zauna shekara da shekaru yana zuba zanen aska da tambari irin na gidansu a cikinta. Tsohuwar kwamfutar ta fara ciwon ajali. Sai an kunna ta sau biyar kafin ta tashi.

Na isa da safe ina sauri, shi kuwa ya shimfiɗa gaisuwa. Ya tambayi gajiyar hanya, ya tambayi Kawu da idonsa, ya tambayi innata, ya tambayi mutanen Mafara, ya tambayi ruwa, ya sake komawa kan gajiya. Ina amsawa ina kwance wayoyin Kunne.

"Ɗiyar Lawali," ya ce, "kina amsa mani ko kina amsa ma jakarki?"

Na maƙala Kunne ƙarfe tara. Ya ɗora wata shadda ya fara aiki. Na ji tashin keke, na ji yadda direba ke zuba ɗinki a gada kashi-kashi, ita kuma tana miƙa wa kati ɗaya bayan ɗaya. Zare ya tsinke sau huɗu, keken ya tsayar da kansa, na ji wannan ma. Sha biyu saura na cire wayoyina. Ya ce ba Lawali kwana uku yake yi ba? Na ce hanya ba ta da kyau bayan Azahar, dole in kama mota. Gaskiya ne hanya ba ta da kyau. Amma ina da gwaggo a Bakura, gidanta bai fi tafiyar minti biyar daga shagon ba. Ban kwana ba ne don na ga kamar na ji duk abin da za a ji. Bayan kwana biyu tsohuwar kwamfutar ta mutu, mutuwar da ba tashi.

Mako guda na rubuta gadar. Na koma Bakura, na haɗa komai, muka gwada a kan ƙyalle: fure, harafi, bakin hula. Tsaf. Malam Garba ya juya ƙyallen ya duba bayansa, ya gyaɗa kai. Sai ya shiga ciki ya fito da wata riga a naɗe cikin farin zane. Ta saƙi ce, baƙa mai ratsin fari, ta wani manomi daga Ruwan Gizo. Mahaifin mutumin masaƙi ne, wannan ita ce saƙarsa ta ƙarshe kafin ya rasu, ɗan ya adana ta shekaru, yanzu yana son a yi mata aska takwas ya sa ta ranar Idi. Babu irinta a kasuwa, babu kuma wanda zai sake saƙa ta. Ya ɗaure gaban rigar a firam, ya ja ta ta miƙe kamar fatar ganga, ya yi bismilla ya tayar da keke.

Aiki yana tafiya lafiya har aka kira Azahar. Malam Garba ya miƙa hannu ya danna tsayawa a kwamfuta, allura ta ɗaga, ya rufe rigar da zane ya ɗauki buta. Ban taɓa ganin ya yi haka ba, don ban taɓa kaiwa Azahar a shagonsa ba. Ni ma na shiga cikin gida na yi tawa sallar. Da ya dawo ya yaye zanen ya danna ci gaba. Firam ɗin ya yi tsalle kusan taƙi guda, allura ta sauka a filin rigar inda babu zane, ta kama ɗinki. Kafin ya kai hannu ya kashe, ta yi kusan talatin.

Bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce, "Mi kinka yi mani?"

Na buɗe littafin da gadata ke rubuta duk abin da aka tambaye ta. Ga shi nan ƙiri-ƙiri. In zare ya tsinke, keken ne ke tsayar da kansa, direba jira kawai yake yi. Amma in mutum ne ya danna tsayawa, direba kan dakatar da gada a tsakiyar kashi, in za a ci gaba kuma sai ya tambaye ta saura nawa ba ta miƙa ba. Wannan tambayar ban taɓa jinta ba. Ni kuma na rubuta gadata ne ta yadda duk abin da ba ta sani ba za ta amsa da sifili. Direba ya ce saura nawa, ta ce babu saura. Ya yarda, ya tsallaka kashi na gaba.

Na yi masa bayani, sannan na faɗi maganar da har yau nake jin haushinta. Na ce ai da sauƙi, ya daina tsayar da shi kawai, ya bar shi yana aiki ya tafi masallaci.

"In bar allura tana gudu bisa tufan mutane babu ido?"

"To ni sai in zauna in duba maka."

"Yau kin zamna. Gobe hwa? Ko za ki tare Bakura ki riƙa zo mani kullum anka yi kira?" Ya ɗauko reza da tsinke. "Shekara ashirin ina tsai da keken ga in anka kira salla, bai taɓa yi mani ƙarya ba. Ba ni sake saukar da allura bisa rigag ga sai kin gyara abinki."

Ya warware ɗinkin talatin ɗin ɗaya-ɗaya, har La'asar. Ya ce rigar saƙi tana ɗaukar warwara sau ɗaya, in aka sake zarenta zai saki, wurin ya zama rami. Ga kuma matsala ta biyu: ba za a cire rigar daga firam ba, don in an cire ba za a taɓa mayar da ita daidai inda take ba, rabin askar da aka yi ba zai haɗu da sauran ba. Wato keken ya tsaya gaba ɗaya, ana saura 'yan makonni Sallah, kayan mutane jibge a kan tabarma. Ni kuma ba ni da inda zan gwada gyarana. Harbi ɗaya nake da shi.

Kwana uku na yi ina birkita akwatin takardun Kawu. Na san abin da direba ke tambaya, yadda gada ke tsara amsar ne ban sani ba. Na samu littafin aisin, gara ta cinye rabinsa, har da shafukan da nake nema. Ina da hasashe uku, kowanne yana iya zama daidai. Na koma na faɗa wa Malam Garba cewa sai na ji gada ta gaskiya da kunnena. Ya ce keken nasa yana da ɗan'uwa. Tare suka saya da wani amininsa na Maradun, shi ya rasu, matarsa Hajiya Tumba ce ke aiki da shi a cikin gida, tana yi wa mata mayafai, da tsohuwar kwamfutarsa lafiya lau.

"Namiji ba ya shiga gidan," ya ce. "Ko Lawali na nan, zaure za ya tsaya. Ke ko kina iya shiga."

Sai da na jira kwana biyu kafin direbobin tasha su ce hanyar Maradun tana biyuwa. Motar ta cika, kowa idonsa a kan daji har muka ga gidajen gari.

Hajiya Tumba gajera ce mai tabarau da murya kamar ta sajan. Wannan karon na durƙusa na yi gaisuwa har sai da ita ta gaji. Na kwance mata bayani. Ta yarda in buɗe kwamfutar, ta yarda in maƙala Kunne, tana tsaye a kaina tana ƙirga wayoyin. Da na ce ina so ta danna tsayawa a tsakiyar aiki, sai ta cire tabarau.

"A tsakiya? Tun da mai gidan ga ya rasu ban taɓa ba. Ni auna aikina nika yi, in ƙare kahin kira. Abin da ya ɓata ma Garba riga shi kika so in yi da hannuna?"

"Hajiya, naki gadarsa ta gaskiya ce, ba abin da zai faru."

"Haka kinka ce ma Garba?"

Ta dube ni sama da ƙasa, idonta ya tsaya a kan mayafina. Sabo ne, ruwan toka, sau biyu na taɓa yafa shi.

"Kawo wanga. In ya ɓaci naki ne."

Ta ara mini hijabi, ta ɗaure mayafina a firam, ta zaɓi wani fure mai ganye bakwai. A tsakiyar ganye na uku ta rufe ido ta danna. Keke ya tsaya. Ta sake dannawa, allura ta sauka daidai inda ta ɗaga. Na duba abin da Kunne ya rubuta. Kafin direba ya yi tambayar, sai ya fara ƙwanƙwasa wani adireshi daban, alamar a fara daga farko. Sannan gada ta ba da amsar gida biyu, ƙaramin rabin lambar da farko, babban daga baya. Kuma kullum tana rage ɗaya: in saura ɗari sai ta ce casa'in da tara, direba ya san halinta, shi ke mayar da ɗayan. A cikin hasashena uku babu wanda ya haɗa duka wannan.

Na ce to Hajiya na gode, na samu. Na fara miƙa hannu ga wayoyin, sai na janye shi. Kwana uku na yi a gidan. Na sa ta tsayar a farkon kashi, a ƙarshensa, ta tsayar sau biyu a jere, ta tsayar bayan zare ya tsinke, ta tsayar ta tafi ta yi salla ta ci tuwo ta dawo. A rana ta biyu na kama wani hali kuma: in tsayawar ta faɗo daidai ƙarshen kashi, gada ba ta cewa sifili, lamba mafi girma take bayarwa. Da na tafi ranar farko, da wannan ne zai kama ni wata rana. Mayafina ya cika da furanni, wasu a kife, wasu kan wasu. Hajiya kuwa ta samu abin wasa, tana dannawa tana kiran maƙwabciyarta ta zo ta gani.

"Ki yafa shi hakanan," ta ce da zan tafi. "Kowa ya gan ki ya san kin zo Maradun neman ilimi."

Ba ta yarda in cire katinta in gwada tawa gadar ba, kuma ban ga laifinta ba. Abin da na yi a shago shi ne na ɗauki duk tambayoyin kwana ukun na zuba wa gadata ɗaya bayan ɗaya, ina gwama amsarta da ta gaskiyar, har sai da babu inda suka saɓa. Na kuma cire wancan sifilin. Yanzu in aka tambaye ta abin da ba ta sani ba, tsayar da komai take yi ta rubuta a fuskar kwamfuta cewa ba ta sani ba.

Ranar kwana na goma sha ɗaya na isa Bakura da hantsi. Rigar tana nan a firam, an lulluɓe ta. Na haɗa kaya, na nemo lambar ɗinkin da aka tsaya a littafina, na mayar da keke wurin. Na ce Malam bismilla, in ka fara yanzu kafin Azahar ka gama. Ya ce to, ya ci gaba da ɗinkin hula da hannu. Sha ɗaya ta wuce. Sha biyu ta wuce. Ɗaya ta yi.

"Baba, lokaci na tafiya."

"Ina sane."

Sai da ya ga ladan ya wuce ta ƙofar shago sannan ya tashi ya tayar da keke. Allura ta kama daga inda ya kamata. Minti goma ba a yi ba aka kira salla. Ya danna tsayawa a tsakiyar aska ta biyar, ya rufe rigar, ya ɗauki buta ya fita. Ni ma na yi sallar, amma Allah ya yafe mini, ban san surar da na karanta ba. Ya dawo, ya tsaya hira da maƙwabcinsa a kan tsadar taki, sannan ya shigo ya yaye zanen ya danna. Allura ta sauka a ramin da ke bin na ƙarshe, ta ci gaba da tafiya.

Bayan La'asar aka gama. Ya kwance firam, ya yayyafa ruwa ya buga shatin da ya fito a jikin saƙin har ya kwanta, ya miƙo mini rigar.

"Nuna mani inda anka warware."

Na kai ta bakin ƙofa wajen haske. Na duba gaba, na duba baya, na bi da yatsa. Na ce ban gani ba.

"Ni ina gani," ya ce, ya karɓa ya naɗe ta a farin zanenta.

Mai rigar ya zo ya karɓa, ya sa ta ranar Idi, ya aiko wa Malam Garba da zabi biyu. Keken yana aiki da gadata har yau, ana tsayar da shi duk kiran salla, bai sake tsalle ba. Shadda da yadi da mayafi duk yana ɗorawa. Amma tun daga ranar, in aka kawo masa saƙi, sai ya janyo tabarma bakin ƙofa, ya sa tabarau, ya zura zare a allurar hannu.